Lokacin da Akwatin Nema Yake Buɗewa Fanko

A da, wanda duk yake neman wata kalma cikin dogon rubutu a kwamfuta sai ya sake buga ta da hannunsa. A manhajar vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976, mutum zai danna alamar / sannan ya bi kalmar harafi bayan harafi. Da ya kuskure guda ɗaya, na'ura ta ce babu, alhali kalmar tana nan.

Masu shirya manhajoji sun gaji da wannan wahala. A Emacs aka sa Ctrl+S ya buɗe nema, Ctrl+W kuma ya jawo kalmar da ke gaban alamar rubutu. Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, tana da nata sauƙin: ka tsaya kan kalma ka danna *, shi ke nan.

Amma dabarar da ta fi burge ni ita ce ta NeXT, kamfanin da Steve Jobs ya kafa a 1985. Sun ware wa nema ma'ajiyarsa daban da ta kwafi. Apple ta sayi kamfanin, dabarar ta biyo cikin Mac OS X a 2001. Ka zaɓi kalma, ka danna Cmd+E, ta shige akwatin nema ba tare da ya buɗe ba. Cmd+G ya kai ka inda ta sake fitowa. Abin da ka kwafa tun farko yana nan, ba a taɓa shi ba. Ka koma wata manhajar ma, sau da yawa za ka tarar kalmar ta riga ka zuwa.

Ga mai rubutun Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allon madannai da muke saye ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Neman "ƙasa" ba tare da "kasa" ta shigo ba yakan zama aiki, sai an je kwaso harafin daga wani wuri. Zaɓar kalmar daga cikin rubutun ya kawar da wannan.

Yanzu VS Code da ire-irenta kan cika akwatin da kansu da zarar ka danna Ctrl+F. Akwai sauƙi, sai dai sukan goge abin da kake nema ɗazu ba ka ce a goge ba. Ni dai na fi son tsarin NeXT, inda maɓallin cikawa daban, na buɗewa daban.