Jaka Cikin Jaka

Wai ni ne yaron nan da yake zama bayan la'asar a shagon buga katin biki, ƙafa ba takalmi don maigida ya hana a shigo wa kwamfuta da ƙura, yana jiran faifai ya gama gurnani a cikin inji? Ɗakin warin hayaƙin janareto yake yi, gauraye da na takarda mai zafi da turaren tsinke, ga linzami mai ƙwallo a ciki, wanda sai an kankare masa dauɗa da farce kafin ya yarda ya motsa.

Faifan hotunan CorelDRAW ne, daga wani kamfani na Ottawa a Kanada, mu kuma muna kan Windows 98. A hagu jakunkuna suke jere, kowace da ɗan akwati mai alamar tarawa a gefenta. Ka danna, ta buɗe baki, wasu su sauko ƙarƙashinta: dabbobi, tsuntsaye, tutoci, furanni, adon gefen takarda. Kamar adakar kakata, ka ɗaga zane ka tarar da ƙunshi, ka kwance ƙunshi ka tarar da batta, cikin batta kwalli ko tsohon sisi.

Wata Hajiya za ta zo ta ce, "Ɗan nan, fure nake so na katin 'yata, mai kunya, ba mai hayaniya ba." In ce, "To, Hajiya." Sai mu gangara tare, hawa bayan hawa, tana leƙowa ta kafaɗata, mayafinta na ƙamshin humra. In hanya ta ƙure mu koma sama mu kama wani reshe. Ba ta gaggawa. Ni ma haka.

Abin da yake ba ni mamaki game da yaron, in an tashi aiki ba ya tafiya gida. Raƙumi zai nema, amma a hanya ya tsaya wajen kifayen teku, ya leƙa jiragen ƙasa, ya daɗe gaban bishiyar da ƙanƙara ta lulluɓe, shi da bai taɓa wuce Zariya ba. Har ya haddace tunanin baƙon da ya jera kayan, ya san inda zai ajiye jinjirin wata da inda zai ajiye doki. Ina ƙaunar wannan yaro da haƙurinsa. Rabin abin da ya fara sani na duniya, a hanyar neman wani abu daban ya tsince shi.