Tayar da ake lulluɓa wa bargo

Jama'a, bari in ba ku labarin kunyar da na sha a ɗakin kallon hostal ɗinmu, nan Ibadan. Ana kallon tseren Formula 1, sai na ga makanikai sun lulluɓe tayoyi da bargo. Na fashe da dariya, na ce, "Kai, taya ma tana jin sanyi?" Abokin ɗakina, Bayarabe, ya yi shiru sai da muka koma ɗaki.

Ashe bargon na lantarki ne, yana ɗumama tayar har digiri 70. Roba in ta yi sanyi tauri take yi, ta riƙa santsi a kwalta. In ta ɗau ɗumi sai ta yi laushi, ta manne wa titi kamar cingam. Zafin ya wuce kima kuma, ta fara cinyewa tana zamewa. Shi ya sa direbobi ke karkaɗa mota hagu da dama a bayan motar tsaro, kada tayar ta huce.

Ya nuna min tseren Abu Dhabi na 2021: Verstappen da sababbin tayoyi masu laushi, Hamilton da tsofaffi masu tauri. Zagaye ɗaya tak ya rage, Verstappen ya wuce shi, ya ɗauke kambun duniya.

Ni fa injiniyanci nake karantawa, aji uku. Wallahi daren nan ban yi barci ba sai da na buɗe littafi.