Wasiƙa daga Wahran: cika-cikinsu da namu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da duk mutan gida. Ya sanyi, ya kuma aka ji da kakar bana? Ni lafiya ƙalau, aikin gini na tafiya, sai dai sanyin bakin teku da ke shiga har ɓargo.

Ka ce yaran unguwa sun kwana bisa babura ranar 31 ga Disamba suna ihun bonane, har ka tambaye ni ko haka ake yi nan Aljeriya. Ana yi, amma ba shi ne babban abin ba. Sabuwar shekara uku suke hutawa: 1 ga Janairu, 1 ga Muharram, da Yennayer, ta Barbar, ranar 12 ga Janairu. Ita Yennayer sai a 2018 gwamnati ta fara ba ta hutu, zamanin Bouteflika. Lissafin Barbar ya ɗara na Bature da shekara 950, wai daga hawan wani kakansu, Sheshonk, gadon sarautar Masar. Wannan lissafi ’yan boko ne suka tsara shi a 1980. Abincin daren kuwa ya girmi kakannin kakanninsu.

To abincin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. A daren ana yanka kaza, a turara kuskus, kowa ya zauna kwano ɗaya, kuma dole a ci a ƙoshi, don kada shekara ta kama mutum da yunwa. Yaya, wannan ba cika-ciki ba ne? Nan yammacin ƙasar har ƙaramin yaro suke zaunarwa cikin babban akushi, su zuba masa dabino da alewa da ’ya’yan itace bisa kai. Wani Bakabile da muke aiki tare ya ce a garinsu ana jera cokula da sunan waɗanda ba su nan: ɗiyar da ta yi aure, ɗan da ya tafi Faransa. Ba a fara ci sai an ƙidaya su.

Ka san ba daɗin zama muke ji ba. Tun ƙarshen 2014 motoci ke kwasar mutanenmu na Kance da Magarya da Dungas ana sauke su Asamaka, bakin iyaka, kuma kowa a cikinmu da takalminsa kusa yake kwana. Duk da haka ba zan ƙi faɗin abin da na gani na kirki ba. Mutanen nan, da likita da direba, ba sa jin kunyar abincin kakarsu. Sun dage shekara da shekaru har hukuma ta sa Yennayer cikin kalanda.

Mu kuwa fa? Muna yara, tun Babbar Salla Inna ke ɓoye jelar ragon layya, ta bushe, sai daren Ashura a dafa ta. A kai kwano gidan Gwaggo, a kai na maƙwabta, almajiri ma ranar ba ya dogon bara. Gari na wayewa taubasai su tare ka da neman kuɗin shara, in ka ƙi biya ka sha gori har ƙarshen wata. Yanzu na ji ana ta janye jiki, wasu na cewa ƙauyanci ne, wasu na cewa ba shi cikin littafi. Malamai sun fi ni sani, kuma azumin Tasu’a da Ashura ban taɓa wasa da shi ba. Amma ni ban ga inda kai wa gwaggonka nama ya soke azumi ba. Abin da ke ba ni mamaki, wanda ke kiran cika-ciki ƙauyanci shi ne kuma zai ƙona man jaka biyar a daren Disamba, ya dawo da karyayyen hannu.

Ban ce a hana yara murnarsu ba. Ina dai roƙonka, kai da ke riƙe da gidan, in layya ta zo a ajiye jelar kamar da. Zan aiko da kuɗi ta hannun direban da ka sani, a sayi kaji a ƙara. Cikin kuɗin a ware na shara, a bai wa ’ya’yan Kawu na Bande, don na san suna lissafin shekarun da na yi ban biya ba.

A gaida Gwaggo da jiki. A ce wa Inna ina cin abinci sosai.

Ƙaninka.