Ƙwayar Zinariya a Cikin Gwangwani

A wata unguwa ta Nassarawa, a Kano, akwai wani dattijo da ya shekara ashirin da bakwai yana aikin akawu a wata masaƙa da ke Bompai. Da masaƙar ta durƙushe, kamar yadda 'yan'uwanta da dama suka durƙushe a Sharada da Challawa, abin da aka sallame shi da shi bai taka kara ya karya ba. Dukiyar da ta rage masa tana cikin wani tsohon gwangwani a ƙarƙashin gado: wuri, da anini mai huji, da taro, da sisi, da sule, da azurfa guda mai hoton sarauniya Mariya Tiriza ɗauke da shekarar 1780.

Sai dai wanda ya fi soyuwa a gare shi shi ne ƙaramin cikinsu, wani ɗan mitsitsin tsabar zinariya da bai wuce faɗin ƙwayar wake ba. Wani injiniya Ba'indiye ne ya ba shi ranar da zai koma gida. Sunan kuɗin fanam, kuma an buga shi a zamanin Tipu Sultan, wanda ya mulki ƙasar Maisur a kudancin Indiya daga 1782 zuwa 1799, shekarar da sojojin Ingila suka kashe shi a birninsa. A fuska ɗaya akwai harafin "ha", farkon sunan mahaifinsa Haidar. Dattijon yakan ce da ya ga baƙin nan sai ya ji kamar allonsa aka miƙo masa, ya kuma tuna Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903. Yakan ƙara da cewa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi, mafi yawansa daga tsibiran Maldibis ya fito, can kudu da Indiya. Ashe kuɗin wancan yanki ba baƙo ba ne a Kano.

Da auren autarsa ya matso, aka rasa kuɗin kayan ɗaki. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ga zinariya a ajiye, mu kuwa muna neman rance?" Dattijon bai musa ba. Suka tafi wurin mai sayen gwal, ya ɗora a ma'auni, ko rabin giram bai cika ba. Abin da ya taya ko katifa ba zai saya ba, kuma ya faɗi gaskiya cewa narkewa zai yi. Ba a ga laifinsa ba, nauyi yake saye, bai san Tipu ba.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya miƙa hannu ya karɓi abinsa, ya naɗe a auduga. Kashegari ya tura babur ɗinsa kasuwa. Tun daga ranar a ƙasa yake zuwa masallacin Juma'a.