Adamu Halilu, Mai Ba Da Umarni

A cikin masu sana'a duka, wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda ba a ganinsa, sai dai a ga aikinsa. In kuna kallon fim, 'yan wasa kuke gani. Amma akwai wani a bayan na'urar ɗaukar hoto, shi ke cewa wannan ya tsaya nan, wancan ya sassauta murya, in bai yi daidai ba a sake. Shi ake kira mai ba da umarni, watau darakta.

A cikin irin waɗannan, wanda na fi girmamawa shi ne Alhaji Adamu Halilu. An haife shi a Garkida, ƙasar Adamawa, a shekarar 1936. Ya koyi aikin fim har a Ingila, ya kuma yi aiki a ma'aikatar watsa labarai ta Jihar Arewa, a Kaduna.

A wancan zamani, mutanen ƙauye irin namu na Karare majigi suka sani. Mota kan zo da almuru, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa jama'a dabarun noma da kiwon lafiya. Irin waɗannan finafinai Adamu ya fara shiryawa.

Babban aikinsa shi ne Shehu Umar, a 1976. Littafi ne na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin wani yaro da aka sace, aka ƙetare hamada da shi, har ya zama babban malami, uwarsa kuwa ta yi ta bin sawunsa cikin wahala. Adamu ya tara 'yan wasa, da raƙuma, da tufafin mutanen dā, ya mai da labarin fim, da harshen Hausa. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shehu Umar. Adamu ya rasu a 2001, Allah ya ji ƙansa.

Abin da ya sa nake ganin girmansa, bai raina labarin gida ba. To, yara, ku ma kuna da labaru a bakin kakanninku, in ba a rubuta ba sai su tafi tare da su. Ku tambaye su tun suna da rai, ku rubuta. Shehu Umar ma a takarda ya fara.