Yamai da dare: masu farautar muryoyin nesa

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, kuma a Yamai akwai mutanen da suka riƙe wannan magana hannu biyu. Bayan sallar isha'i, a fadojin Bukoki, Wadata da Lazare, ba a rasa dattijo guda da ya koma gefe, ya ja eriya, yana murza akwatin radiyo mai gajeren zango, yana laluben London ko Kaduna a cikin ƙugin iska. Yawancinsu tsofaffin ma'aikatan gwamnati ne da ƴan kasuwar da suka saba da hanyar Kano.

Al'adar tana da asali. Gidan radiyon ƙasa ya fara aiki a 1958, kuma tun 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs don haɗa jama'a su saurara tare. Amma kunnen mutanen Yamai bai tsaya a kan iyaka ba. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Masu jin Faransanci kuwa, daga 1981 suka riƙa kama Africa N°1 daga Gabon.

Farautar tana da ilminta. Muryar gajeren zango takan tashi sama, ta bugi wani rufin iska mai nisa, ta faɗo ƙasa bayan dubban kilomita. Rana ce ke sarrafa wannan rufi, shi ya sa gwani ke neman mita 16 da 19 da rana, da dare ya koma 31, 41 ko 49, inda Radiyon Kaduna ta yi suna. Wanda ya kama tasha mai wuya yakan rubuta ranar da sa'ar, ya aika wasiƙa, ya jira katin shaida watanni.

Daga fada sai kasuwa, don can ne matsalar take. Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye a 1982 aka sake buɗe ta a 1987, ta taɓa zama matattarar Sony, Philips da National. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsadar da albashi bai iya bi. Sai jabu ya cika rumfuna: suna irin na gaske amma an sauya harafi guda, jiki ɗauke da zango goma, biyu kawai ke magana. Ana gwada akwati da tsakar rana a kan tashar gari, babu rasit, babu garanti; mai saye sai ya kai gida, dare ya yi, sannan ya gane araha ba ta ado. Daga nan sai Katako, wurin masu gyara da ke farke matattun akwatuna don raya masu sauran numfashi.

A shekarun nan ne kuma tashoshin FM masu zaman kansu suka bayyana, R&M da Anfani a sahun gaba, wasunsu suna miƙo shirye-shiryen waje tangaram. Jama'a suka huta da ƙugi, suka jingine tsohon akwati. Manyan gidajen ma suka ja baya: Muryar Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015.

Sai dai FM daga hasumiyar cikin gari take fitowa, takarda guda ta isa ta kashe ta. A watan Agusta na 2023 aka dakatar da RFI a Nijar, a Disamba na 2024 aka dakatar da BBC wata uku. Wayar hannu kuwa sai da intanet da caji. Gajeren zango kuwa daga sama yake saukowa, ba ya biyan kwastan, pil biyu sun ishe shi.

Saboda haka duk mai tsohon akwati a ƙasan gado ya fito da shi ya kakkaɓe. Mai niyyar saye kuma ya gwada kowane zango a gaban mai rumfa, su yi sharaɗin maidowa in dare ya tona asiri. Ɗan kasuwar da ya yarda da wannan sharaɗi, shi ne za a koma wa.