Kifin Roba a Bakin Tekun Legas

Mota ba ta zuwa gaɓar Tarkwa, sai jirgin ruwa. Da asuba kawuna, mai sana'a a Apapa, ya ɗauke ni muka tsallaka. A gefen gaɓar akwai dogon jerin manyan duwatsu da ya kutsa cikin teku, wanda Turawan mulkin mallaka suka jibge a farkon ƙarni na 20 don kada yashi ya toshe wa jiragen ruwa hanyar shiga tasha. A kan duwatsun nan na ga irin fatsar da ban taɓa gani a kogin garinmu ba.

Mu mun saba da tana a ƙugiya, a jefa, a zauna jira. Dattijon da muka tarar ba ya zama. Kifin roba ne ɗaure a zarensa, ya wurga shi can nesa, sannan ya dawo da shi da ɗan keken naɗe zare da ke jikin sandar. Kawu ya ce ba wurgawar ce gwaninta ba, dawowar ce. Kifayen da ake nema a nan mafarauta ne, ba su kula abin da ba ya motsi, don haka dole robar ta yi kamar ƙaramin kifi mai rauni da ke neman tsira.

Barakuda, mai haƙora irin na tsagen kogunanmu, gudu yake so. Ana naɗe zaren da sauri ba tsayawa. Akwai kuma wata roba mai kwarmin baki da ke yawo a saman ruwa. Ita fizgarta ake yi ta yi "ɓul", ta watsa ruwa, sai a dakata kamar daƙiƙa biyu, a sake fizga. Sau da yawa a cikin dakatawar nan kifi ke kai cafka. Ta ƙarfe kuwa barinta ake ta nutse ana ƙirge a zuci, a ɗaga sanda, a bari ta sake faɗawa. In ka yi sakaci ta maƙale a dutse, kuɗinka sun tafi.

Ruwa na cikowa, lokacin da ƙananan kifaye ke matsowa gaɓa, dattijon ya miƙo mini sandar.

"Yaro, kada ka juya wa teku baya. Duwatsun nan santsi gare su."

"To, Baba."

Na wurga sau goma sha, ba ko alama. Ashe zumuɗi ya hana ni dakatawa. Da na daure na tsaya, sai ruwa ya fashe a bayan robar, sanda ta lanƙwashe, hannuna ya hau rawa. Nan take kuma zare ya saki. Barakuda ya datse shi, domin ba mu sa guntuwar wayar da ake ɗaurawa gaban roba ba.

Baba ya dubi guntun zaren, ya yi dariya. Kawu kuwa hannu ya sa a aljihu yana tambayar kuɗin robar.